Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Gwamnati da Adon Bangon Gidan Waya

Matafiyin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Sakkwato, ya ratsa Tsafe, ya wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, ya shiga Gusau, ya fita ta Bunguɗu, idan ya lura da gine-ginen hukuma da ke bakin hanya zai ga abu guda ya haɗa su. Makaranta ce, ko ɗakin shan magani, ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ko gidan waya, duk bulo ne da siminti da kwano, an shafe su da fenti mai launi ɗaya ko biyu. Abin da ke jikin bangonsu bai wuce sunan hukumar da ta ba da kwangila da shekarar da aka yi aikin ba, sai fastocin 'yan takara da aka liƙa wani kan wani, da tallar magani, da gargaɗin kada a yi fitsari. Da za a ɗauke ginin da ke Tsafe da daddare a dasa shi a Lakwaja ko Abakaliki, ba wanda zai ce baƙo ne a can, domin babu abin da ke jikinsa da ya nuna na Tsafe ne.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga al'ummar da ta yi suna wajen ƙawata bango tun kafin siminti ya zo ƙasarta. Ya kamata gwamnati ta riƙa ware wani ɗan kaso daga kuɗin duk ginin jama'a da za ta yi ko za ta gyara a ƙananan garuruwa, domin a ƙawata bangonsa da zanen da ya shafi garin, kuma 'yan garin su yi aikin da hannunsu. Shawarar ba sabuwa ba ce a duniya. An taɓa gwada ta a gidajen waya na ƙasar Amurka, ta yi nasara a wasu wurare, ta kuma jawo rigima a wasu. Nasarar da rigimar duka akwai abin koyo a cikinsu.

Yadda aka yi a Amurka

A shekarar 1929 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Zuwa 1933, lokacin da Franklin Roosevelt ya hau mulki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na majiya ƙarfin ƙasar ba su da aikin yi. A watan Mayu na wannan shekara wani mai zane, George Biddle, wanda suka yi makaranta tare da shugaban, ya rubuta masa wasiƙa yana jawo hankalinsa ga abin da ya gudana a Meziko, inda tun farkon shekarun 1920 gwamnati ta ɗauki masu zane irin su Diego Rivera ta ba su bangon gine-ginen hukuma, suka zana tarihin ƙasar domin wanda bai iya karatu ba ya gani da idonsa. A watan Oktoba na 1934 aka kafa Sashen Zane da Sassaƙa a ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, aka ɗora Edward Bruce a kansa. Dalilin sa shi a wannan ma'aikata shi ne ita ce ke kula da ginin gidajen waya da kotunan tarayya a lokacin.

Tsarin mai sauƙi ne. Idan za a gina sabon gidan waya, sai a ware kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ginin domin ado. Sai a buɗe gasa, masu zane su aiko da samfurin abin da za su zana ba tare da sunansu a jiki ba, alƙalai su zaɓa bisa kyan aiki. Wanda ya ci a kan umurce shi ya ziyarci garin, ya zanta da shugaban gidan wayar da dattawan wurin, ya san sana'arsu da tarihinsu. Yawancin zanen a kan ƙyalle mai kauri ake yin sa da fentin mai, sannan a manna shi a bango, galibi a saman ƙofar ofishin shugaban gidan waya, inda duk wanda ya shigo sayen kan sarki ko karɓar wasiƙa zai ɗaga kai ya gani. Kafin yaƙin duniya na biyu ya kawo ƙarshen shirin a 1943, an yi zane wajen 1,400, mafi yawansu a garuruwan da ba su da gidan adana kayan fasaha, kuma mutanensu ba su taɓa tsayawa gaban zanen gwani ba. Manomi ya ga garmarsa a bangon gwamnati, mahaƙin kwal ya ga fitilarsa. Da yawa daga cikin waɗannan zane-zane suna nan har yau, har ma a 2019 hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunan biyar daga cikinsu a jikin kan sarki.

To, amma ba ko'ina aka yi sam barka ba. A 1939 an shirya babbar gasa domin a zaɓi zane guda ga kowace jiha daga cikin jihohi 48 na wancan lokaci, mujallar Life ta buga waɗanda suka yi nasara. Da mutanen wasu garuruwa suka ga abin da aka shirya musu, sai suka ce ba su san wannan wuri ba: an zana musu amfanin gonar da ba sa nomawa, ko an nuna su cikin tsumma alhali suna ganin sun wuce nan. A garin Kennebunkport na jihar Maine, a 1941, an manna zanen Elizabeth Tracy wanda ya nuna masu wanka a bakin teku cikin kayan iyo. Mutanen garin, waɗanda ke alfahari da tarihinsu na ƙera jiragen ruwa, suka ɗauki abin cin fuska. Suka yi ta ƙorafi, suka tara kuɗi da kansu aka yi wani zanen mai nuna tashar jiragensu, a 1945 aka cire na farko. A wasu garuruwan kudu kuma an zana baƙaƙen fata suna tsinkar auduga cikin fara'a, kamar bauta da wariyar launin fata ba su taɓa faruwa ba, abin da ya sa a 2020 hukumar ta lulluɓe wasu daga cikin irin waɗannan zane-zane.

A gefe guda kuma akwai gidan wayar Anadarko a jihar Oklahoma. A tsakiyar shekarun 1930 aka ba Stephen Mopope, ɗan ƙabilar Kiowa, wato ɗaya daga cikin 'yan asalin ƙasar, aikin ƙawata shi. Ya zana raye-rayen mutanensa da ƙaurarsu da farautarsu, a salon da ya taso ya tarar. Ɗaya daga cikin zanensa na cikin biyar ɗin da aka buga a kan sarki bayan shekara tamanin. Idan aka jera Kennebunkport da Anadarko, darasin a fili yake. Inda aka aiko wa gari da hoton kansa daga nesa, garin ya tofar. Inda ɗan gida ya zana gidansu, zanen ya zauna. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Zanen ɗaurawa suke nufi, kuma ɗalibin Hausa ya san tsawon wasali da karin sauti sun raba shi da zanen bango, ko da yake rubutu ya haɗa su. Amma a nan maganar ta hau kan duka biyun.

Bahaushe ba baƙon adon bango ba ne

Wanda duk zai kawo wannan shawara ƙasar Hausa bai kamata ya fara da kwaikwayon hotunan Amurka ba, domin akwai abin da ya riga su a gida. Maginin Hausa ba ya ganin ya gama aiki don ya jera tubali ya ɗora azara. Sai ya fitar da zankwaye a saman soro, ya ɗaure bakan gizo a cikin zaure, sannan ya zo fuskar gida, tun yaɓen yana ɗanye, ya fitar da dagi da sauran siffofi masu sarƙaƙiya da yatsunsa. Wani ya kan bari shafen ya ɗan sha iska, ya yanka zanen da wuƙa. Ga farar ƙasa da jar ƙasa da shuni domin launi. Ga makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, domin kare bango daga ruwa. Ga laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Dubi yadda bango ɗaya ya tara magini da marini da majemi da mai ɗorawa. Mata ma suna da nasu rabo, su ke daɓe, su ke shafe ɗakin amarya, su ke tsara jere.

Wannan sana'a tana da gwanaye waɗanda tarihi ya riƙe sunansu. Babban Gwani Muhammadu Durugu shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, kuma adon da ke jikin ginshiƙansa yana cikin abin da masana gine-gine na duniya suka yi ta rubutu a kai. A Kano akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. A Damagaram akwai gidajen unguwar Birni. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine. Dagin da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka ya zama tambarinta a zamanin Sardauna, daga bango da wuyan riga aka ɗauko shi.

Abin da ya fi dacewa a lura da shi shi ne sana'ar ba ta taɓa ƙin zamani ba. A tsakiyar ƙarni na ashirin maginan Zariya sun sa keke da mota da jirgin sama a fuskar gidajen attajirai, suka zaunar da su tsakanin dagi da takobi kamar dama can tare aka halicce su. Ashe ke nan bangon Bahaushe ya saba ba da labarin mai gida da zamaninsa. Abin da ya raunana sana'ar shi ne canjin mai ba da aiki. Da, sarki da hakimi da attajiri su ke kiran magini. Yanzu babban mai gini a ƙananan garuruwa gwamnati ce, ita kuwa takardar kwangilarta ta san bulo da rodi da kwano da galan na fenti, ba ta da layi ko ɗaya da aka rubuta ado. Abin da ba a rubuta ba kuwa ɗan kwangila ba zai yi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Jikan magini ya koma birkila, ko ya hau babur.

Batun addini

Zamfara jiha ce da aka ƙirƙira ranar 1 ga Oktoba, 1996, kuma ita ce ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa mai wannan shawara ita ce hukuncin zana mai rai. Tambaya ce ta gaskiya, ba ta masu neman hana ruwa gudu ba. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin siffar da ke da inuwa, wato gunki, da wadda aka shimfiɗa a kan bango ko ƙyalle, wasu malaman kuma sun tsananta a kan duka biyun. Amma shirin ƙawata gine-ginen jama'a ba ya bukatar shiga wannan saɓani ko kaɗan. Fasahar Bahaushe ta daɗe da samun hanyarta. Mai zayyanar allon sauka, da maɗinkin da ke fitar da aska takwas a gaban riga, da baduku, da mai sassaƙar ƙwarya, da masaƙin tabarma, dukkansu suna cika fili da kyau ba tare da fuskar mutum ba. Ana iya ba da labarin noma da garma da dami da rumbu. Ana iya ba da labarin kiwo da ƙwarya da sanda da malfa. Ana iya ba da labarin ilimi da allo da tawada da gafaka.

Abin mamaki ma shi ne, fuskokin mutane sun riga sun cika bangon hukuma, kuma ba mai zane ya sa su ba. Kowace kakar zaɓe sai an lulluɓe katangar makaranta da hotunan 'yan takara. Wanda ke ƙyamar hoto ya fi kowa cancantar goyon bayan a maye gurbinsu da dagi.

Sai dai akwai hattara guda. Kada son nuna addini ya sa a rubuta ayoyin Alƙur'ani a bangon waje, inda ruwa zai wanke su zuwa kwata, ko wani ya liƙa talla a kansu, ko jahili ya tsuguna a gindinsu. Karin magana da sunayen garuruwa da na sarakunan da suka gabata, cikin boko da ajami, sun isa rubutun bangon waje.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi. Jihar da ta shafe fiye da shekara goma tana fama da 'yan bindiga, inda aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, inda aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukinsu a Sabon Gida cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu a watan Satumba na 2023, inda manomin Tsafe ke jin tsoron gonarsa, wace irin magana ce ta ado? Mai wannan suka zai ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Zane bai taɓa korar ɗan bindiga ba, bai taɓa cika tukunya ba.

Amma a duba lissafin. Ba a ce a ɗebi kuɗin tsaro ko na magani a sayi fenti ba. Ginin da za a kashe wa naira miliyan 50, kashi ɗaya cikin ɗari nasa naira 500,000 ne. An riga an sa kuɗin fenti a cikin kwangilar, kuma sau da yawa akan sake shafe gini don kawai mulki ya canja hannu, launin da ke jiki ya zama na waɗanda suka sauka. Tambayar ita ce wa zai karɓi wannan ɗan kaso, kuma me zai bari a bangon. Idan aka ba magini da mai zanen alluna da yaransu a Bunguɗu, kuɗin a kasuwar Bunguɗu za a kashe shi. Amurkawa ba lokacin yalwa suka yi nasu ba, lokacin da mutane ke layin karɓar abinci suka yi. Faransa ma a 1951, shekara shida kacal bayan yaƙin da ya ragargaza ta, ta kafa dokar ware kashi ɗaya cikin ɗari domin ado, kuma da gine-ginen makarantu ta fara.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin naira. Yaron da aka haifa a Zamfara a 2011 bai san sunan jiharsa a bakin duniya ba sai tare da kisa da garkuwa da gubar dalma. Ba a gaya masa cewa 'Yandoto, a ƙasar Tsafe, cibiyar ilimi ce da almajirai ke nufa daga nesa tun kafin jihadi ba. Bai san cewa jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920 ya wuce Ƙauran Namoda ba, ko cewa auduga da gyaɗa sun mai da Gusau garin masana'antu, mai injin gurzar auduga da masaƙa, wanda ya tara Yarabawa da Ibo da Kwarori. Bai ji labarin Sarauniya 'Yargoje ba. Littattafan da ke ɗauke da waɗannan labarai suna ɗakunan karatu na jami'a, shi kuwa bango yana bakin hanyar da yaron ke bi kullum. Gani ya kori ji. Mutumin da bai san garinsa ya taɓa zama wani abu ba, da wuya a shawo kansa cewa garin zai iya sake zama.

Shin gidan waya ne wurin?

A nan ya kamata a yi gaskiya. Gidan wayar Amurka na 1934 shi ne dandalin gari, kowa sai ya taka shi. A ƙasar Hausa ma gidan waya ya taɓa samun irin wannan matsayi. Nan ake sayen kan sarki, nan ake buga waya idan an yi rasuwa ko haihuwa, nan ɗan makaranta ke karɓar kuɗin da aka aiko masa, a bakin ƙofa kuma ga masu rubuta wa jama'a wasiƙa da teburinsu. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho gida biyu, aka sami NIPOST da NITEL. Da wayar salula ta shigo a 2001 sai ƙafa ta ɗauke. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, mutane sun koma rubuta wasiƙa, amma tashar mota suka riƙa kai ta, suna ba direbobi.

Bugu da ƙari, kundin tsarin mulki na 1999 ya sa harkar gidan waya cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Gwamnan jiha ko shugaban ƙaramar hukuma ba zai tashi kawai ya sa a zana bangon gidan waya ba sai da yardar masu shi. Saboda haka wanda ya nace sai gidan waya don Amurkawa a nan suka yi, ya ɗauki kwasfa ya bar ƙwaya. Abin da suka nema shi ne bangon hukuma da talaka ya fi yawan gani. A Tsafe ko Bunguɗu ta yau wannan bango shi ne na makarantar firamare, da asibitin da mata ke zuwa awo, da ƙofar kasuwa, da tashar mota. Gidan waya ya shiga sahu, musamman babba na Gusau, ko don a tuna wa jama'a yana nan, amma ba shi ne farko ba. Tun da gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, aka shiga gyaran makarantu, bangon da ke jiran ado ba ya ƙirguwa.

Wa zai zaɓa, kuma me za a zana?

Haɗarin da ya fi kowane girma shi ne shirin ya zama wata sabuwar kafar kwangila. Idan aka bar shi a hannun ofis, abin da zai faru sananne ne: za a ba wani na kusa, shi kuma ya buga hoton mai girma a leda a Kaduna ya zo ya manna. Maganin wannan shi ne abin da Edward Bruce ya yi daidai, wato gasar da ba a ganin sunan mai zane, haɗe da abin da ya yi sakaci da shi, wato ba mutanen gari ƙuri'a tun kafin a taɓa bango. Alƙalan gasa su haɗa da wakilin fada, da limami, da sarkin magina, da malamin makaranta, da wakiliyar mata, da wani masanin zane daga kwaleji. A kafe samfuran da aka aiko a bainar jama'a na mako biyu. A haramta hoton duk wani mai riƙe da muƙami, da launin kowace jam'iyya, da sunan wanda ya ba da kuɗi in ya wuce tafin hannu.

Ko an yi haka gardama ba za ta ƙare ba, kuma bai kamata a ji tsoronta ba. Tarihin wannan yanki ba labari ɗaya ba ne. Yaƙin da Muhammadu Bello ya kai wa 'Yandoto a farkon shekarun jihadi, wanda bayansa Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau, ba lalle ne a ba da shi da murya ɗaya a fadar Sarkin Katsinan Gusau da ta 'Yandoton Tsafe ba. Mai zanen da ya ɗauki ɓangare zai tayar da abin da ya kwanta. Wanda ya zana allo da tawada da tulin littattafai kuwa ya faɗi abin da duka ɓangarorin ke alfahari da shi. Haka nan a halin da ake ciki, inda rikici ya sa manomi da makiyayi ke kallon juna da zargi, bangon da ya nuna garma ya manta da ƙwaryar nono ya yi irin kuskuren da aka yi a kudancin Amurka, wato ya share wasu daga cikin masu garin. A Bunguɗu, inda sarautar garin ma Sarkin Fulani ce, irin wannan mantuwa ba za ta wuce ba a lura ba. Yaron da ya fito daga ruga ya zo makaranta yana da haƙƙin ya ga wani abu na gidansu a jikin bangonta.

Rabon malami

Ɗalibin da ke shirin zama malamin Hausa zai iya cewa wannan aikin malamin zane ne. Ba haka ba ne. Kafin a zana dole a san abin da za a zana, kuma wannan sani yana bakin tsofaffi: sunayen unguwanni da dalilinsu, kirarin gari, sana'ar da aka san kowane gida da ita, sunan kowace siffa da magini ke fitarwa. Tattara irin wannan aikin malamin harshe da adabi da al'ada ne. Malamin da ya tura 'yan ajinsa su zauna da tsohon magini, su rubuto kalmomin sana'arsa, su kwafo siffofin da suka rage a tsofaffin zaurukan garin kafin damina ta ci su, ya koyar da ƙamus da insha'i da tarihi a darasi guda. Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Gusau suna tura ɗalibai koyon aikin koyarwa kowace shekara zuwa makarantun waɗannan garuruwa. Da kowane rukuni zai dawo da littafi guda na siffofin bango da sunayensu, da cikin 'yan shekaru an sami abin da duk mai shiga gasa zai buɗe.

Ba sai an jira doka ba kafin a gwada. Bango ɗaya na aji, da izinin hedimasta da kwamitin iyaye, ya isa farawa. Abin da za a kiyaye shi ne kayan aiki. Adon ƙasa ba ya kama siminti yadda yake kama tubali, don haka a ginin bulo sai dai a fitar da siffar da siminti tun filasta tana ɗanya, kamar yadda maginan Kano da Zariya suka koma yi, ko a zana da fenti. In fenti ne, a tabbatar ba mai dalma ba ne, domin jihar da ta rasa ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010 saboda gubar dalma ba ta bukatar a tuna mata illarta. A zaɓi bangon da ke ƙarƙashin baranda, ko wanda ba ya fuskantar gabas, domin daga gabas ruwan damina ke dukan gini a wannan yanki. Sannan tun ranar da aka gama a rubuta wanda zai riƙa gyara shi, da inda kuɗin gyaran zai fito bayan damina uku ko huɗu.